Kwana 19 a Kan Kogin Kwara, Daga Yauri Zuwa Lokoja

Ranar da muka sauke jiragenmu biyu daga bayan mota a bakin ruwan Yelwa ta Yauri, ba mu gama kwance igiyoyin da muka ɗaure su da su ba sai da jama'a suka kewaye mu, masu fito da masu sayar da kifi da yaran da suka zo wanka, kowa yana so ya ƙwanƙwasa ya ji ko katako ne ko roba. Wani dattijo ya tambaye ni sunan abin, na ce masa kayak, sai ya ce ai ya ga kaya ne, sunan kayan yake tambaya. Aka fashe da dariya, ni ma na taya su, kuma daga wannan rana har muka isa Lokoja ban sake wahalar da kowa da wannan suna ba, domin mutanen ruwa sun riga sun raɗa masa nasu: kwalekwalen roba.

Asalinsa jirgin farauta ne na mutanen Inuwit da ke zaune a ƙasashen ƙanƙara na arewacin Kanada da Alaska da Girinlan, waɗanda suke ɗinka fatun dabbobin teku a kan ƙirar itace ko ƙashi. Na zamani da roba mai tauri ake zuba shi. Nawa tsawonsa ya kusa mita biyar, faɗinsa kuwa bai fi kamu biyu da rabi ba, yana da rami guda a tsakiya inda mutum zai zauna ya miƙe ƙafafu, da wasu ramuka biyu masu murfi a gaba da baya inda ake cusa guzuri. Abin da ya fi ba masunta mamaki shi ne filafilinsa mai baki biyu, wanda ake tsoma shi dama da hagu ba tare da an sauya hannu ba. Na saye shi na hannu a Legas, na yi kusan shekara guda ina koyon tuƙa shi a tafkin Jabi da ke Abuja duk ranar Asabar, bayan na fara koyon iyo da girmana, abin da ban yi ba ina yaro a Kano saboda a gidanmu zuwa kududdufi laifi ne da ake dukan yaro a kansa. A tafkin Jabi na koyi cewa ba da damtse ake tuƙi ba, da ƙugu da gadon baya ake yi, hannu riƙo kawai yake yi. Da wannan ɗan ilimi, da taswira a waya, na ɗauka na shirya wa Kwara.

Mun zaɓi ƙarshen watan Disamba ne saboda wani hali na wannan kogi da ba kowane ɗan tudu ya sani ba. Kwara, wanda a takarda ake kira Neja, tsawonsa ya kai kimanin kilomita 4,180, shi ne na uku a Afirka bayan Nilu da Kwango. Yana tasowa daga tsaunukan Gini, a wurin da bai fi kilomita 240 daga teku ba, amma maimakon ya gangara tekun da ke kusa da shi sai ya juya mata baya ya nufi hamada, ya ratsa Bamako da Segu da Mopti, ya gifta kusa da Tumbuktu, sannan ya karyo kudu ta Gawo da Yamai da Gaya ya shigo Najeriya ta jihar Kebbi. Wannan doguwar hanya ce ta sa yake cika sau biyu a shekara a ƙasarmu. Cikar farko ta ruwan damina ce na kusa, tana zuwa wajen Agusta zuwa Oktoba, ruwan fari fat da laka. Ta biyu kuwa ruwan da aka yi ne a Gini, wanda yake bazuwa a cikin manyan fadamun tsakiyar Mali ya yi watanni yana tafiyar hawainiya, lakarsa ta kwanta, sannan ya iso mana cikin hunturu a tace, yana duhu-duhu. Saboda haka a lokacin da rijiyoyi suke fara ja da baya a Kano, kogi a Yauri cike yake da ruwan saman da ya sauka a wata ƙasa tun watanni da suka wuce. Mutanen Mali suna kiransa Joliba, Zabarmawa suna cewa Isa Beri, kuma duk ruwa ɗaya ne.

Abokin tafiyata, wanda ya girme ni a shekaru da kuma hankali, shi ya nace cewa ba za mu tsoma jirgi a ruwa ba sai mun je mun gai da Sarkin Ruwa mun faɗi abin da ya kawo mu. Ni a raina gani nake ɓata lokaci ne. Muka je da goro, muka zauna a kan tabarma, aka saurare mu har ƙarshe ba tare da an katse mu ba, sannan aka yi mana tambaya guda, wato wa zai shige mana gaba. Na ɗaga waya na ce akwai taswira. Ba wanda ya yi mini dariya, sai dai aka aika a kira wani dattijo Basarke, siriri, mai furfura a gemu, wanda aka ce tun kafin a tare kogin yana yaro yake bin mahaifinsa su. Muka yi ciniki zai raka mu har kusa da madatsar Kainji a cikin kwalekwalensa na katako mai ɗan ƙaramin inji, tare da jikansa. Da ɗan gari akan ci gari, in ji masu iya magana, kuma ban san nauyin wannan karin magana ba sai bayan kwana huɗu.

Kwanakin farko sun yi daɗi har suka ruɗe ni. Ƙasa da Yauri kogin ya rarrabu tsakanin tsibirai, inda Gungawa suke zaune tun kaka da kakanni, kuma ko sunansu ma daga gungu ya samo asali. A gefen ruwa ana ta ban ruwan albasa, wadda Yauri ta yi suna a kanta, kwalekwale kuma suna ta kai da kawo ɗauke da buhuna da babura da awaki da matan da za su kasuwa. A nan na fara gyara wani kuskure da na zo da shi. Hotunan da na saba gani na masu irin wannan tafiya a Turai da Amurka suna nuna mutum shi kaɗai a cikin daji, babu kowa sai tsuntsaye. Kwara ba haka yake ba. Hanya ce, kuma gona ce, kuma kasuwa ce, kowane lungu da mai shi. Igiyar da na gani tana yawo da robobin ruwa a jikinta ba shara ba ce, alamar mamari ce, wato doguwar igiya mai ɗaruruwan ƙugiyoyi da wani ya shimfiɗa tun daren jiya, kuma wanda ya tsinka ta ya taɓa abincin gidan wani. Baba, kamar yadda muke kiran dattijon, shi ya koya mini in riƙa hango irin waɗannan alamu tun daga nesa, in kuma yi sallama ga duk jirgin da muka haɗu da shi kafin a yi mini.

A rana ta biyu da hantsi na ga ya kashe inji ya ɗaga hannu. Ban ga komai ba sai ruwa kwance lumui da ciyawar burgu a gefe. Ya nuna mini da leɓe wani wuri da ciyawar ta kwanta kamar an ja buhu a kanta daga ruwa zuwa tudu, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, “Ɗana, ka bi bayana, kada ka shiga tsakaninta da zurfi.” Muka yi kwana mai faɗi muka raɓa ta ɗaya gaɓar. Sai da muka yi nisa na ji wani huci a bayanmu kamar an buɗe bakin tayar babbar mota, na waiwaya na ga kunnuwa biyu da hanci sun ɓullo sun sake nutsewa. Dorina ce. Daga baya ya bayyana mini cewa dorina idan ta firgita zurfi take nufa, kuma duk abin da ta tarar a kan hanyarta ta kife shi, balle mai ɗa. Taswirar wayata ta nuna wannan wuri shuɗi ne kawai, kamar kowane wuri.

Daga nan kogin ya fara buɗewa har ya daina zama kogi. An fara gina madatsar Kainji a 1964 aka kammala a 1968, kuma ruwan da ta tare ya zama tafki mai tsawon sama da kilomita 130, wanda a wani wurin faɗinsa ya haura kilomita 20. Ga mai tuƙi da hannu ma'anar wannan ita ce ruwa ya daina taimakonsa. Babu gudun da zai tura ka, duk taƙin da ka ci da ƙarfinka ka ci shi, sannan ga iskar hunturu da take tasowa daga arewa maso gabas da zarar rana ta ɗaga, ta sami fili ta tara igiyar ruwa. Baba ya kafa mana doka: a tashi da asuba, a yi salla, a shiga ruwa kafin gari ya waye sosai, a fita kafin azahar. Kwana biyu ina bin dokar ina ƙunƙuni a zuci, domin ina lissafin kilomitocin da muke asara kowace yamma muna zaune a tunga muna kallon masu gyaran taru.

A rana ta huɗu na karya ta. Mun iso bakin wani lungu mai faɗi da misalin ƙarfe goma sha ɗaya, Baba ya ce a bi gefe a zagaye shi, ni kuwa na duba waya na ga idan na yanke kai tsaye kilomita uku ne kacal maimakon bakwai. Na ce su zagaya, za mu haɗu a wancan tsinin. Bai yi mini musu ba, ya dai dube ni ya dubi sama. Kafin in kai tsakiya hazo ya rufe gaɓar da nake nufa, iska ta juyo, igiyar ruwa ta fara dukan jirgin ta gefen hagu, kowace tana ɗaga ni ta sake ni. Ina cikin kokawa da ita sai na ji gindin jirgin ya hau wani abu mai tauri ya tsaya cak, igiya ta gaba kuma ta gama aikin. Na tsinci kaina a kife, kai a ƙasa, ruwa mai sanyi ya cika mini hanci. Abin da na yi ta maimaitawa a Jabi shi ya cece ni: na laluba na fizge madaurin rigar robar da ke rufe bakin ramin, na zame na fito, rigar kariya ta ɗago ni sama. Na rungume jirgin da hannu ɗaya, filafili a ɗaya hannun, ƙafata kuma tana taɓa abin da ya kayar da ni, wato kan wata bishiya da ta mutu a tsaye tun lokacin da ruwa ya ci dajin. Ban yi minti goma a haka ba na ji ƙarar inji. Ashe Baba bai zagaya ba, ya biyo ni daga nesa. Shi da jikansa suka ɗaga goshin jirgin suka zubar da ruwan, suka riƙe mini shi na hau. Bai yi mini faɗa ba. Da muka isa tudu ina rawar ɗari, ya miƙo mini shayi ya ce, “Malam, nan da ka bi kurmi ne a da. Mu da muka san shi da ganyensa muna tuna inda itatuwan suke.”

A wannan dare na daɗe ban yi barci ba, ina tunanin rigar kariyar da ta ɗago ni, wadda kuɗinta bai kai na buhun albasa biyu ba, da kuma jiragen fasinja da muke gani kullum maƙare da mutane har ruwa yana lasar bakinsu, ba mai sanye da ita ko ɗaya. Washegari muka wuce Warra, a ƙaramar hukumar Ngaski, inda a watan Mayun 2021 wani jirgi da ya ɗauko mutane fiye da 150 ya tarwatse a tsakiyar ruwa, kaɗan ne suka tsira. Masu jirage sun san dalilan sarai, ba sa ɓoye su: lodi fiye da kima, tsufan katako, tafiyar dare, da kututturan da ke ƙarƙashin ruwa. Abin da na lura shi ne matuƙan da kansu gwanayen iyo ne, waɗanda suke mutuwa mata ne da yara da 'yan kasuwa daga tudu, irina. A ganina duk wata doka da za a kafa a kan ruwan nan, idan ba ta fara da sanya wa kowane fasinja riga a mashiga ba, magana ce kawai.

Wani wuri a yammacin tafkin, ƙarƙashin ruwan da muke hangowa, tsohon garin Busa yake kwance. Mutane kimanin 44,000 aka tasa daga garuruwa da ƙauyukansu saboda madatsar, aka gina musu sababbin matsugunai, ciki har da Sabuwar Busa. A duwatsun da ke kogin kusa da tsohon garin ne Mungo Park, ɗan ƙasar Sikotlan, ya halaka a 1806, bayan ya taso daga Sansandin ta ƙasar Mali a ƙarshen 1805 da niyyar bin kogin har inda ya ƙare. Labarin da ya fito daga bakin mai yi masa jagora ya nuna cewa a Yauri suka rabu, kuma daga rabuwarsu bai yi nisa ba ajali ya cim masa. Sai a 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka tashi daga Busa a cikin kwalekwalen da suka samu ta hannun sarakunan yankin, suka bi ruwa har teku. A makaranta an koya mana wannan a matsayin tarihin gano kogi. Da na kwana huɗu a bayan Baba, sai na karanta shi a matsayin labarin baƙo biyu, ɗaya ya rabu da ɗan gari, ɗaya ya riƙe shi. Su kansu duwatsun da suka ci Park yanzu suna can ƙasa, jirgi yana wucewa ta kansu bai sani ba.

A rana ta bakwai muka fita daga ruwa a wata tunga da ke gabashin tafkin, tazara kaɗan kafin madatsar, domin ba a yarda ƙaramin jirgi ya matsa kusa da inda injinan wuta suke zuƙar ruwa ba. A nan muka yi sallama da Baba. Shirinmu na farko shi ne mu sake shiga ruwa ƙasa da madatsar mu bi kimanin kilomita 100 da ke tsakanin Kainji da Jebba, amma duk wanda muka tambaya, daga masunta har direbobi, amsa ɗaya ya ba mu, cewa dazuzzukan da ke wannan tsakani ba wurin kwanan baƙo ba ne a wannan zamani saboda 'yan bindiga. Wanda ya sha ruwan kurmi kwana uku da suka wuce ba ya sake jayayya da mutanen wuri. Muka ɗora jiragen a kan motar ɗaukar kifi muka bi ta Mokwa zuwa Jebba. A hanya an tsayar da mu a wani shinge aka yi awa biyu ana juya jiragen ana tambayar takardar izinin mallakarsu, takardar da ba a taɓa yin irinta ba, har dai aka gaji aka sake mu. Don haka ba zan ce na tuƙa daga Yauri zuwa Lokoja ba tare da yankewa ba. Abin da wayata ta ƙidaya na tuƙin hannu ya ɗan haura kilomita 450.

Ƙasa da Jebba kogin ya dawo kogi. Muka shiga ruwa kusa da gadar jirgin ƙasa, ga wani ƙaton dutse a tsakiyar ruwa wanda Turawa suka sa wa suna Juju Rock, kusa da inda wani jirgin ruwan Turawa mai suna Dayspring ya fashe a 1857. Tun daga bugun filafili na farko na ji bambanci, domin ruwan yana tafiya da kansa, ko ka ɗora filafili a cinya gaɓa tana wucewa. Amma wannan gudu ba na Allah da damina kaɗai ba ne, yana bin yadda ake sakin ruwa daga madatsar Jebba, wadda aka kammala a tsakiyar shekarun 1980. A darenmu na farko muka sami wani tudun yashi fari tas a tsakiyar kogi, babu sauro sosai, muka kafa tanti muka ja jiragen taku biyar daga bakin ruwa. Wani mai jefa birgi da ya zo wucewa ya tsaya ya yi mana magana da Nufanci, da ya ga ba mu gane ba ya juya zuwa Hausa, ya ce mu ƙara jan su sama mu kuma ɗaure su. Wannan karon ban tambayi dalili ba. Muka ja su har bakin tanti, muka kafa filafili a yashi muka ɗaure. Da asuba na fito alwala na tarar ruwa ya cinye wurin da muka fara ajiye su, yana lasar wutsiyar jirgina.

Daga nan har kwanaki da dama muna cikin ƙasar Nufawa, waɗanda suke kiran kogin Ndaduma, suna girmama shi kamar uba. Mun wuce Raba, wadda ta taɓa zama cibiyar mulki a ƙarni na 19 kafin Bida ta karɓe ta, yanzu kuwa gari ne shiru a bakin ruwa. Fadamun shinkafa suka miƙe hagu da dama har iyakar gani. Rayuwarmu ta koma abu kaɗan: tashi da asuba, shayi da burodi idan akwai, tuƙi na awa shida ko bakwai, garin kwaki da ƙuli-ƙuli da dabino a kan ruwa, sallar ƙasaru a kan yashi, da yamma kuma a nemi mai gari a yi sallama a roƙi wurin kwana. Ba a taɓa hana mu ba, kuma sau da yawa kafin mu gama kafa tanti an aiko yaro da tuwon shinkafa da miyar kifi, tarwaɗa ko ƙarfasa ko kurungu, sau ɗaya ma har da yankin giwan ruwa. Tafin hannuna ya yi bororo, ya fashe, ya yi kanta. Leɓuna suka tsage saboda hunturu. Ruwan sha muna tace shi mu zuba magani, wanka kuma muna kauce wa ruwan da ya kwanta cikin ciyawa saboda tsargiya, ko da yake yaran wurin a ciki suke wuni.

Abin da ya fi tsaya mini a rai daga wannan yanki shi ne yadda idona ya fara buɗewa. Kogin a nan yana da faɗi ƙwarai, amma yawancinsa bai kai gwiwa ba a wannan lokaci na shekara, hanyar ruwa mai zurfi siririya ce tana lanƙwasa tsakanin tudun yashi kamar maciji, kuma tana sauya wuri bayan kowace damina, shi ya sa babu taswirar da za ta iya riƙe ta. Kwanakin farko sau biyar ko shida a rana muke makalewa mu fito mu ja jirgi. Sai na fara bin masu kwalekwale da ido ina lura da inda suke bi. Na gane cewa inda fuskar ruwa ta yi ƙananan tamoji kamar fatar tsohuwa, yashi ne a kusa; inda ta yi santsi da duhu tana tafiya a nitse, nan ne zurfi; a kan kwana kuma zurfin yana bin gefen waje, inda ruwa yake cin gaɓa ya bar ta a tsaye kamar bango. Inda ka ga ruwa ya yi ɗan tudu ya rabu biyu ba tare da ka ga dalili ba, akwai itace a kwance. Babu wanda ya zaunar da ni ya karanta mini wannan, kuma yaro ɗan shekara goma a Patigi ya fi ni saninsa nesa ba kusa ba, amma ranar da muka yi wuni guda ba mu makale ko sau ɗaya ba na ji daɗin da ban ji ba ranar da na karɓi takardar digiri.

A Patigi muka huta kwana guda. Garin yana kallon Muregi, inda kogin Kaduna yake zubowa cikin Kwara, kuma na tsaya ina kallon ruwan da ya ratso ta ƙarƙashin gadar Kaduna da na sha hawa a mota, yanzu ga shi ya zo ya sallama. Mutanen Kede na wannan yanki su ne suka riƙe sufurin kogin tun kafin zuwan Turawa, kuma har yau Patigi tana alfahari da wasan tseren jirage. Ita ma tana da nata makokin, domin a watan Yunin 2023 mutane fiye da 100 suka rasu a wannan yanki lokacin da jirginsu ya kife da dare suna dawowa daga ɗaurin aure. Wani matuƙi da ya ga rigata ya ɗauka ya jujjuya ta, ya tambayi kuɗinta, ya yi shiru yana lissafi da yatsu, na san yana ninka kuɗin ne da yawan mutanen da jirginsa yake ɗauka.

Baro ta ba ni mamaki da ƙanƙantarta. Daga wannan ɗan gari ne aka fara shimfiɗa layin dogo a 1907, wanda ya isa Kano a 1911, domin a lokacin lissafin Turawa shi ne a kawo kaya ta ruwa daga teku har Baro, sannan jirgin ƙasa ya ƙarasa da su arewa. Wato dogon da ya sauya kasuwancin garinmu daga bakin wannan ruwa ya taso. An buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa a wurin a watan Janairun 2019, amma wanda ya yi kwanaki yana jan jirgin roba a kan yashi ya san cewa babban jirgin kaya ba zai iso nan da rani ba sai an yashe hanya, kuma an ci gaba da yashe ta kowace shekara.

Bayan Baro duwatsu suka fara matsowa, iska ta yi ɗumi, bishiyoyin giginya suka ba wa na kwakwar manja wuri. Muka wuce ƙarƙashin gadar Murtala Muhammad da ke Jamata, ina jin rugugin tireloli a samana, na tuna sau nawa na bi ta kanta ina leƙen ruwan ta taga ba tare da ya zame mini komai ba. A jikin gidajen da ke gaɓa ana ganin layin da ambaliyar 2022 ta bari, a wasu wuraren sama da tagogi. Da la'asar ta rana ta 19 dutsen Patti ya bayyana a dama, Lokoja a gindinsa.

Ba mu fita nan take ba. Muka ƙarasa har inda Binuwai take shigowa daga gabas, bayan ta taso daga ƙasar Kamaru ta ratso Garwa da Yola da Makurɗi. Ruwan biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa na ɗan lokaci, ɗaya ya fi ɗaya duhu, kafin su gauraya su nufi Onica da teku. Na sa jirgina a kan layin da ya raba su, na tsoma bakin filafili na dama a ɗaya, na hagu a ɗaya, sannan muka juya muka yi ta fama da gudun ruwa har muka kai mashiga.

Washegari, kafin mu nemi motar da za ta ɗauki jiragen, na roƙi wani mai babur ya kai ni unguwar da kaburburan sarakunan arewa suke, waɗanda Turawa suka tuɓe suka kawo nan. A cikinsu akwai Sarkin Kano Alu, wanda aka kama bayan an ci Kano a 1903, ya rasu a Lokoja a 1926, da Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi. Na yi musu addu'a, hannuwana da suka yi kanta a buɗe. Daga nan na koma bakin ruwa, na tarar abokina yana ciniki da direba, yara kuma sun kewaye jiragen suna ƙwanƙwasawa. Na kira lambar jikan Baba na ce ya gaya wa kakansa mun iso lafiya. Na ji muryar dattijon daga nesa yana tambaya ko na sake yanke wani lungun, na ce a gaya masa ko sau ɗaya.